Yadda Edward Roybal ya zama kansila a Los Angeles

Malam, ka tambayi yadda Roybal, Ba'amurke mai tsatson Meziko, ya yi shekara 13 yana kansila a birnin Los Angeles na Amurka. Da fari kayar da shi aka yi a 1947, saboda yawancin mutanensa na unguwar Boyle Heights ba su da rajistar zaɓe. Sai shi da Fred Ross, wani mai fafutukar haɗa kan al'umma, suka kafa ƙungiyar hidimar al'umma mai suna CSO (Community Service Organization), aka bi gida-gida ana yi wa dubban mutane rajista. Ƙuri'ar masu tsatson Meziko kaɗai ba za ta isa ba, sai da ya jawo Yahudawa da baƙar fata na mazaɓa ta 9, inda ya tsaya takara, ya ci a 1949. Ya tsaya tsayin daka kan cin zalin 'yan sanda. Da ya koma majalisar wakilan Amurka bayan zaɓen 1962, masu tsatson Meziko ba su sake samun kansila ba sai 1985.