Injin Boksa zai iya ɗaga jirgi?

Ka tsare ni da tambaya jiya muna cikin haɗa inji, wai in aka ciro injin babur ɗin Boksa aka ɗaura masa farfela, zai tashi da mutum sama? Ban amsa maka a lokacin ba saboda hannuna na cikin baƙin mai. Zauna ka ji.

Ba kai ka fara wannan tunanin ba. A 1923, a wata gasar ƙananan jirage da aka yi a Lympne ta Ingila, wani jirgi mai suna Wren ya tashi da injin babur na ABC mai cc 398, ƙarfinsa bai wuce na Boksanka ba, wajen doki 8. Har mil 87 ya yi da galan ɗaya na fetur. Amma nauyin jirgin babu kowa ciki kilo 105 ne kacal, fukafukinsa kuma mita 11, katako ne da ƙyalle. Irin wanda kake zanawa da bututun ƙarfe na walda, doki 8 ko gindinsa ba za su ɗaga ba. A Faransa ma, Henri Mignet da injin babur mai doki 17 ya tashi ƙaramin jirginsa a 1933.

To, ƙarfi ba shi ne babbar matsalar ba. Matsalar tana tsakanin inji da farfela.

Injin mashin sai ya yi juyi wajen 7,500 a minti kafin ya ba da dukan ƙarfinsa. Farfela kuwa ba ta son haka. Ɗauki mai tsawon mita 1.5 ka juya ta 7,500, bakinta zai riƙa gudun kusan mita 590 a daƙiƙa, alhali sauti kansa 340 yake yi. Ihu kawai za ta yi, ba za ta ja iska ba, ƙila ma ta tarwatse ta raba ka da kai. Wurin zamanta ƙasa da 3,000 ne. Dole ka sa abin rage juyi, ko bel da fuli, ko giya. Injin Rotax 912 da ake yi musamman don jirage, shi ma 5,800 yake juyawa, giyarsa ce ke rage wa farfela.

Kar kuma ka ce ai mashin yana da giyarsa. Fistin ba ya tura karanshaf, wato sandar da ke juyawa a cikin inji, a hankali, duka yake kai masa, ɗaya bayan ɗaya. A kan titi, sarƙa da taya da robar da ke cikin ƙafar baya su ke shanye dukan. Farfela ba ta shanye komai, mayar da shi take yi. Haƙoran giya su karye, ko bel ya tsinke. Sai ka sa roba ko kuloci a tsakani. Sannan farfela ja take yi gaba, boris ɗin karanshaf kuwa ba a yi shi don ɗaukar ja ba. Ta samu nata sandar da nata boris daban.

Sai zafi. Ɗan acaɓa yakan murɗe totur na daƙiƙa goma, ya saki, ya tsaya a danja. A sama, inji yana kan kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa awa guda ko biyu babu hutu, kamar ka hau tudu da buhun masara biyu, tudun kuma ba ya ƙarewa. Shi ya sa masu wannan aiki a Turai suka fi son injin BMW mai silinda biyu a kwance, kowace tana shan iska a gefenta. Ka haɗa da zafinmu na bazara: iska mai zafi ba ta da kauri, inji ya rage ƙarfi, fiffike ya rage ɗauka.

Injin jirgi na gaske fulogi biyu ne a kowace silinda, kowane da wutarsa. Naka ɗaya ne. In ya mutu a hanyar Zariya sai ka tura.

In da gaske kake, ga tsohon inji can a lungu. Haɗa masa fuli, ka ɗaure shi a benci da kacar ƙarfe, ka sa sikeli ya auna jan da yake yi, ka bar shi yana aiki awa goma kana duba zafinsa, kuma kada kowa ya tsaya a gefen farfela. Maganar tashi, sai hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya ta duba ta yarda. Yanzu miƙo min sifana mai lamba 12.