Tambayi Likita: Zuciya da Hanyoyin da Jini Yake Bi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗalibi ne a aji biyar na sakandare a Katsina. Malaminmu ya koya mana cewa zuciyar ɗan Adam tana da ɗakuna huɗu, kuma jini yana ratsa ta sau biyu kafin ya kammala zagaye ɗaya. Na haddace wannan domin jarrabawa, amma ban gane hikimarsa ba. Me zai hana jinin ya shiga sau ɗaya ya fita?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Abin zai zo maka da sauƙi idan ka ɗauki zuciya a matsayin famfo biyu manne da juna, na dama da na hagu, da bangon tsoka a tsakaninsu wanda ba ya barin jinin wannan ya gauraya da na wancan. Kowane ɓangare yana da ɗakin sama mai karɓar jini da ɗakin ƙasa mai tura shi. Jinin da ya gama kewaya jiki, ya sauke iskar oksijin, yana dawowa ta manyan jijiyoyi biyu, ɗaya daga kai da hannuwa, ɗaya daga ciki da ƙafafu, su zuba shi a ɗakin sama na dama. Daga nan ya sauka ɗakin ƙasa na dama, wanda yake tura shi zuwa huhu domin ya fitar da gurɓatacciyar iska ya ɗauko sabuwa. Sai ya koma ɓangaren hagu, inda ɗakin ƙasa yake cilla shi cikin babbar jijiyar da ake kira awota, mai rarraba shi tun daga ƙwaƙwalwa har yatsun ƙafa.

Hikimar tana cikin ƙarfin turawa. Huhu abu ne mai laushi ƙwarai, kuma jijiyoyinsa sirara ne ta yadda idan aka tura musu jini da ƙarfin da ake buƙata domin kai shi ƙafa, ruwa zai tsattsafo ya cika wurin iska. Haka kuma jinin da ya fito daga huhu ya riga ya rasa ƙarfinsa, ba zai iya hawa kai ko kaiwa tafin ƙafa ba sai an sake tura shi. Shi ya sa bangon ɗakin ƙasa na hagu ya ninka na dama kauri kusan sau uku. Idan Babbar Sallah ta zo, ka nemi zuciyar ragon layya ka yanka ta a gicciye, za ka ga wannan bambanci da idonka, domin tsarin zuciyar rago da ta mutum iri ɗaya ne.

Tambayar nan taka ta daɗe tana wahalar da masana. Fiye da shekara 1,000 likitoci suna bin ra'ayin Galen na zamanin Rumawa, wanda ya ce jini yana tsallakawa daga dama zuwa hagu ta wasu ƙananan huda a bangon tsakiya. Ibn al-Nafis, likitan da ya tashi a Dimashƙa ya yi aiki a Alƙahira, ya kuma rasu a 1288, shi ne ya ce babu wata huda a wurin, dole jinin ya bi ta huhu. A 1628 William Harvey na Ingila ya tabbatar da cewa jini zagaye yake yi a jiki gaba ɗaya, sannan a 1661 Marcello Malpighi na Italiya ya hango siraran jijiyoyin da suke haɗa hanyar fita da ta komawa a huhun kwaɗo.

Abin da yake hana jinin komawa da baya shi ne bawul huɗu, wato ƙananan ƙofofi a cikin zuciya masu buɗewa ta gefe ɗaya kawai, kuma ƙarar rufewarsu ce likita yake ji idan ya ɗora abin sauraro a ƙirji. Iyaye su lura da wannan: ciwon maƙogwaro na ƙwayoyin cuta da aka bari ba magani a jikin yaro yana iya jawo zazzaɓin da ke lalata waɗannan bawul, musamman wanda yake tsakanin ɗakunan hagu, kuma sau da yawa illar ba ta bayyana sai bayan shekaru.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Daga Maraɗi nake rubutowa. Me ya sa ma'aikacin asibiti yake jin bugun zuciya a wuyan hannu, amma idan zai ɗebi jini sai ya nemi wata jijiya a gwiwar hannu? Kuma jijiyoyin da muke gani kore-kore a fata, jinin cikinsu wani launi ne daban?

AMSA: Barka kadai, Malam. Jijiyoyin jini ba iri ɗaya ba ne. Masu ɗauke jini daga zuciya suna da bango mai kauri da talewa, kuma duk bugu ɗaya na zuciya yana sa su kumbura su saki, abin da yatsa yake ji ke nan a wuyan hannu, sau 60 zuwa 100 a minti ga baligin da yake hutawa. Galibinsu a binne suke can cikin nama, kuma huda su yana sa jini ya yi tsartuwa. Masu mayar da jini zuciya kuwa bangonsu siriri ne, jinin cikinsu yana tafiya a hankali, da yawansu kuma suna kusa da fata, don haka su ake nema wajen ɗibar jini ko sanya ƙarin ruwa. Jinin cikinsu ja ne, sai dai ya fi duhu saboda ƙarancin oksijin. Launin da kake gani daga yadda haske yake ratsa fata ne.

TAMBAYA: Likita, ƙanwata ta haihu wata biyu da suka wuce a Zariya. Yanzu ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina da matasai saboda numfashi. An ce mana ciwon zuciya ne, mu kuwa mun ɗauka ciwon ƙafa ne ko sanyi. Ina haɗin zuciya da ƙafa?

AMSA: Allah ya ba ta lafiya, Hajiya, ya raya abin da aka samu. Haɗin yana nan, kuma na kai tsaye ne. Zuciyar baligi tana tura kimanin lita 5 na jini a kowane minti, kuma dole abin da ya shigo ya yi daidai da abin da ya fita. Idan ɓangaren hagu ya raunana, jini yana taruwa a bayansa, wato a huhu, shi ya sa numfashi yake sarƙewa, ya kuma tsananta idan ta miƙe a kwance, domin ruwan da ke ƙafafu yana gangarowa ƙirji. Idan ɓangaren dama ya gaza, jinin yana taruwa a jijiyoyin komawa, ruwa ya tsattsafo cikin nama, ya sauka inda ya fi ƙasa, wato ƙafafu, wani lokaci har da ciki da hanta.

Raunin zuciya bayan haihuwa sananne ne a ƙasar Hausa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawansa, suka kuma danganta shi da shan kunun kanwa da yawa, da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Ciwon yana kama matan wasu ƙasashe da ba su san waɗannan al'adu ba, saboda haka ba su kaɗai ne sanadi ba. Amma kanwa gishiri ce, gishiri kuma yana riƙe ruwa a jiki, ya ƙara wa zuciyar da ta riga ta gaji kaya. A ganina bai kamata a ci gaba da ba ta kunun kanwa ko yi mata wanka mai zafi sosai ba, ko da manya sun matsa. Ku mayar da ita asibitin da za a yi mata hoton zuciya, ta riƙa shan magungunanta ko bayan kumburin ya saɓe, kuma kada ta sake ɗaukar ciki sai likitan zuciya ya duba ya ga ƙarfin ɗakin hagu ya dawo. Idan numfashin ya tsananta cikin dare, ko ta fara tari mai kumfa, a kai ta a wannan lokacin, kada a jira gari ya waye.