Laulayi, Kumallo da Kwaɗayi: Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Wata baiwar Allah daga Argungu ta rubuto tana cewa: "Malam, ina da ƙaramin ciki. Kakata ta ce kumallo ke damuna, ma'aikaciyar asibiti kuma ta ce laulayi ne. Wa ya fi gaskiya?"

'Yar uwa, duka biyun sun yi daidai, sai dai ɗaya ta fi ɗaya faɗi. Laulayi ya ƙunshi duk halin da mai sabon ciki ke shiga: tashin zuciya, amai, kasala, yawan barci, ƙin warin girki, tara miyau. Kalmar ba ta mata kaɗai ba ce, shi ya sa ake cewa "yaro mai laulayi" ga yaron da ba ya rabuwa da ƙananan ciwuka. In ana son a keɓe, sai a ce laulayin ciki. Kumallo kuwa shi ne tashin zuciyar da ke taso wa mutum in cikinsa ba komai, wani lokaci har ya amayar da ruwa mai ɗaci, rawaya-rawaya. Namiji ma yana yin sa. Daga nan aka samu "karin kumallo", wato abin da ake fara ci da safe don a karya shi.

Maganar kakarki tana da amfani, domin cikin da ya zauna wayam shi ya fi tayar da zuciya. Ki ajiye busasshen abu kusa da shimfiɗa, kamar biskit marar maiƙo, gasasshen burodi ko 'yar soyayyar gyaɗa in tana karɓarki. Ki ci kaɗan tun kina kwance, ki dakata kamar minti 15 zuwa 20 kafin ki miƙe. Da rana kada ki jira tuwon dare ki cika ciki lokaci guda. Ci kaɗan-kaɗan duk bayan awa 2 ko 3 ya fi. Ruwa kuma a kurɓe shi tsakanin ci da ci, ba a kwankwaɗa a kan abinci ba. Abinci mai sanyi ya fi mai tururi sauƙi, don wari ke fara tayar da zuciya kafin ɗanɗano. Suyar kifi da manja da daddawa, a bar wa wata ta yi, ko a yi a tsakar gida inda iska ke kaɗawa. Citta tana taimaka wa mata da yawa: kimanin giram 1 a yini, wato wajen rabin ƙaramin cokali na garinta, a raba a koko ko ruwan ɗumi. Zuba ta da yawa yana jawo ƙwannafi.

Laulayi yakan fara wajen mako na 6, ya yi tsanani wajen na 9, ya lafa tsakanin na 12 da na 16, kodayake wasu sukan kai na 20. Yana tafiya ne da hauhawar sinadaran da mahaifa ke saki a jini a farkon ciki, shi ya sa mai tagwaye ta fi shan wuya. Kuma ba shi da lokaci, yana zuwa da hantsi, yana zuwa da almuru.

Wani magidanci daga Talatar Mafara ya ce matarsa ta kwana biyu ko ruwa ba ya zama a cikinta, mahaifiyarsa kuma ta ce a bari, "mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa." Yana tambayar ko karin maganar ta shafi wannan hali.

Malam, ba ta shafe shi ba. Ana yin wannan karin magana ne a kan abin da jinkiri ke gyarawa, kamar neman ilimi ko zama da mai wuyar hali. Ƙarewar ruwa a jiki kuwa jinkiri ƙara ta yake yi. Wadda ta dace a nan ita ce "ran wanka ba a ɓoyon cibi": idan lalura ta zo, kunya sai ta kauce. Na san al'adarmu, musamman a cikin fari, mace ba ta son a san tana da juna biyu, har akan fake da cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Wancan zancen riƙe sirri ne daga 'yan gulma, ba daga ungozoma ko likita ba.

A kai ta asibiti yau, kada a kwana. Alamomin da ba a jira da su: yini da kwana ba abin da ya zauna, fitsari ya yi ja ko ya ɗauke kamar awa 8, jiri in ta miƙe, rama a fili, jini a cikin amai, ciwon mara, ko zazzaɓi. Na ƙarshen nan a kula da shi sosai a Zamfara da Kebbi, musamman da damina da wuraren fadama, domin zazzaɓin cizon sauro ma yana sa amai, kuma gwajin jini ne kawai ke raba su. A asibiti za a yi mata ƙarin ruwa, a ba ta maganin amai da ya dace da mai ciki. Kafin a isa, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba ta cokali-cokali. Jiƙe-jiƙen saiwoyi da maganin kemis ba da izinin likita ba, a ajiye su.

Daga Yawuri an tambayi bambancin amai da haraswa. Abu ɗaya ne, haraswa ta fi ladabi, ita ake faɗa a gaban surukai. Haka miyau da yawu, bambancin karin harshe ne kawai.

Tambaya ta ƙarshe daga Gusau, a kan "kwaɗayin masu ciki", da ko gaskiya ne jariri ne ke nema. Kwaɗayi a sauran wurare abin zargi ne, shi ya sa ake cewa kwaɗayi mabuɗin wahala. Mai ciki kaɗai Bahaushe ya yi wa uzuri, har miji ya fita da dare neman tsamiya, goruba ko ɗanyen mangwaro. Wannan ba laifi in an wanke. Amma in kwaɗayin ya koma ga farar ƙasa, gawayi ko ƙanƙara, sau da yawa alamar ƙarancin jini ce, sai a faɗa a wurin awo. Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a can takan tayar da zuciya in an sha ta da sassafe ciki ba komai. Kada a jefar da ita. A mayar da shan ta dare bayan an ci wani abu, ba tare da shayi ba, don shayi yana rage shigarta jiki. In duk da haka ba ta zama, a koma a sanar da ma'aikaciyar awo ta canja tsari, ta kuma duba ko za ta ƙara bitamin B6.