Mai juna biyu da kumburin fankiriyas: azuminta da batun tiyata

Tambaya: Malam, matata tana da cikin wata biyar. Ciwo mai tsanani ya taso mata a saman ciki yana sara har baya, ga amai. Likitoci sun ce fankiriyas ɗinta (wata gaɓa a bayan tumbi mai taimaka wa narkar da abinci) ne ya kumbura saboda tsakuwar matsarmama. Sun dakatar da ita daga ci, suna yi mata ƙarin ruwa, kuma ana cikin Ramadan. Tunda dama ba ta cin komai, ko za ta ɗaura niyyar azumi? Sannan suna son cire mata matsarmama, danginta sun ce ba a taɓa mai ciki da wuƙa.

Amsa: Allah ya ba ta lafiya, ya sauke ta lafiya.

Kada ta ɗaura niyya. Ruwan da ake sa mata ta jijiya shi ke tsaye a madadin ci da sha, kuma yawancin malaman zamani suna ganin irinsa yana karya azumi. Ko babu wannan, uzuri biyu ne a kanta. Allah ya yi wa maras lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 185, kuma hadisin Anas bin Malik Al-Ka'abi ya nuna an ɗauke wa mai ciki da mai shayarwa azumi. Idan ana tsoron halaka ko mummunar cuta, shan azumi wajibi ne a wajen malamanmu na Malikiyya, ba zaɓi ba. Wannan ciwo yana ƙarar da ruwan jiki, yana iya taɓa ƙoda da huhu, ya kuma jawo naƙuda kafin lokaci. Za ta rama bayan ta warware, babu ciyarwa a kanta bisa mashhurin zance.

Ko an sallame ta, kada ta yi gaggawar komawa azumi sai likita ya yarda. Wuni da yunwa sannan a cika ciki da maiƙo lokacin buɗa baki yana iya tayar da tsakuwar.

Batun tiyata kuwa, ban san wani nassi da ya hana yi wa mai ciki aiki ba. Abin dubawa shi ne wace cutar ta fi girma. Muddin tsakuwar tana nan, ciwon yana yawan dawowa kafin haihuwa, kuma likitoci sun fi son yin wannan aiki tsakanin wata na huɗu zuwa na shida, matarka kuwa tana cikin wannan lokacin. Idan amintaccen likita masanin fannin ya ce barin ya fi aikin haɗari, ya halatta, yana ma iya kaiwa ga wajibi. A nemi likita mace. In ba a samu ba, namiji ya yi, a buɗe iya wurin da ake buƙata. Yardar da ake nema ta matar ce, ba ta dangi ba. Kai dai ka zauna da su, ka kai babbansu ya ji daga bakin likita.

Salla ba ta faɗi a kanta ba. Ta yi a zaune, in ta kasa a kwance ta gefe, kamar yadda Annabi (SAW) ya umurci Imrana bin Husaini.

Wallahu a'alamu.