Furannin da ke jure bazarar Maraɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan fili siriri a jikin katangar tsakar gidana, tsawonsa mita 6, faɗinsa mita 1. Kowace damina sai na sayi furanni na dasa, su yi kyau, bazara na zuwa su ƙone. Waɗanne zan sa da za su zauna shekara da shekaru? Daga wata mai karatu a unguwar Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. In za ki zaɓi fure, ki sa watan Afrilu a ranki. A Agusta kowace shuka sharaf take a wurin masu sayar da dashe, amma daminarmu daga Yuni zuwa Satumba ce kawai, bayanta sai hunturu, sai zafin da ke haura digiri 40. Wadda ta tsallake wannan ita ce za ki zaɓa.

Ki fara duba inda katangar ta fuskanta. In yamma take kallo, simintin yana shan ranar la'asar ya riƙe zafi har dare, shi ke gasa ganye ko da ƙasa na da danshi. Ki bar santimita 40 tsakanin katanga da shukar farko. Abin da ya rage zai ɗauki layi biyu.

A layin baya babu kamar kariya, wadda masana ke kira Adenium obesum. ƴar ƙasar nan ce, tana ajiye ruwa a kumburarren gindinta, kuma lokacin da komai ya bushe ne take fitar da furenta mai ruwan hoda, wani sa'in ko ganye ɗaya babu a jikinta. Guda 5 sun ishi mita 6. A tsakaninsu ki sa Euphorbia milii, mai ƙaya da ƙananan jajayen furanni, wadda kusan duk shekara ba ta rabuwa da fure. Buƙatarsu ta ruwa ɗaya ce, shi ya sa muka haɗa su.

A layin gaba ki sa Vinca, fara da mai ruwan hoda, tazarar santimita 30. Bayan shekara 2 ko 3 takan miƙe ta yi sanduna, ganye sai a kai, amma kafin nan ta zubar da iri, ƙanana sun tsiro a gindinta. Ki riƙa tsinke mata kai tun tana ƙarama don ta yi rassa. A bakin fili kuma Portulaca, dangin fasa-ƙaba, wadda reshe kawai ake karyowa a soke a ƙasa ya kama.

Hibiskus da Kanna suna da kyau ƙwarai, sai dai masu shan ruwa ne. In kin haɗa su layi ɗaya da kariya, ko su bushe ko ita ta ruɓe. In ranki na son su, ki ba su wuri dabam kusa da famfo, inda inuwa ke sauka da yamma.

Batun ƙasa shi ne inda aka fi yin sakaci. Rairayin jigawa ba ya riƙe ruwa ko taki. Ki haƙa zurfin santimita 40, ki cire ɓaraguzan siminti da magina suka binne, ki gauraya bokiti 1 na takin dabbobi da bokiti 3 na ƙasa. Takin ya zama wanda ya ruɓe, ya yi baƙi, ya daina wari. Ɗanye yana ƙona saiwa. Ki dasa da yamma, in ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli, don saiwa ta yi nisa kafin iskar hunturu.

Abu guda da ba za mu ɓoye miki ba: ruwan jikin kariya dafi ne, farin ruwan Euphorbia yana ƙona ido, Vinca ma ba a cin ta. In akwai yara masu rarrafe ko awaki a gidan, ki kewaye filin da ragar waya, ki kuma wanke hannu da sabulu duk lokacin da kika yi musu aski.

Tambaya: Kariyata ta yi shekara 3 lafiya lau, bana sai gindin ya yi laushi, ganye ya koma rawaya. Kullum ina ba ta ruwa. Daga wani mai karatu a Ali Ɗan Sofo.

Amsa: Malam, ruwan kullum ɗin ne ya jawo. Ka tono ta, ka yanke duk inda ya ruɓe da wuƙa mai tsabta har ka iske fari mai tauri, ka ajiye ta a inuwa mako 1 wurin ya bushe. Sai ka sake dasawa a kan ɗan tudu mai rairayi, kumburin gindin a saman ƙasa, kada ka ba ta ruwa sai bayan wani makon. Daga nan, da bazara sau 1 a mako ya isa, da hunturu sau 1 a mako 2, da damina kuwa ka bar ta da na sama. Kafin ka zuba, ka soka yatsa a ƙasa. In da sanyi-sanyi, ka bari. In ruɓar ta cinye gindin duka, ka yanki reshe mai lafiya tsawon taƙi ɗaya, ka shanya shi kwana 3 a inuwa ka dasa. Zai kama ya yi fure, sai dai ba kasafai yake yin babban gindi irin na wadda ta fito daga iri ba.