Shin bawul ɗin zuciya irin na taya ne?

Tambaya: Likita ya ce bawul ɗin zuciyar ƙanwata mai shekara 19 yana yoyo. Ni bawul ɗin taya da na injin mota kawai na sani. Shin abu ɗaya ne?

Amsa: Malam, Allah ya ba ta lafiya. Aikinsu ɗaya ne, wato su bar abu ya wuce su hana shi komowa, amma abin da ke buɗe kowannensu daban ne.

Na tayar mota, samfurin Schrader, ɗan tsinke ne da sifirin ke riƙe da shi a rufe, shi ya sa mai faci yake danna shi iska ta fito, ya kuma shafa masa yawu ya ga ko zai yi kumfa. Na inji kuwa, wani ƙarfe mai juyawa ne ke tura shi a kan ƙa'ida, ɗaya ya shigar da iska, ɗaya ya saki hayaƙi zuwa salansa.

Na zuciya ya fi kama da bawul ɗin gindin bututun famfon rijiya, wanda ruwan da kansa ke buɗewa. Guda huɗu ne, ba sifirin ba ƙarfe, fatu ne sirara waɗanda jini ke turawa su buɗe, da zarar ya nemi juyowa sai su haɗe baki. Bugun da likita ke saurare a ƙirji ƙarar rufewarsu ce, kuma zuciya tana bugawa kimanin sau 100,000 kowace rana.

A shekarun ƙanwarka, abin da na fi zargi shi ne ciwon makogwaro na ƙwayoyin cuta da ba a yi maganinsa ba tun ƙuruciya, wanda daga baya yake sa garkuwar jiki ta ɓata bawul ɗin hagu da ake kira mitral. Idan bai rufe sosai ba, jini yakan koma wajen huhu, sai a ga haki bayan ɗan aiki kaɗan da kasa kwanciya ba tare da tara matasai ba.

A yi mata hoton zuciya na eko. Idan an tabbatar ciwon makogwaron ne sanadi, allurar penisilin duk mako uku ko huɗu tana hana ƙarin lalacewa, kuma ina roƙonku kada a yi fashinta. In tiyata ta kama, bawul na ƙarfe yana daɗewa amma sai an sha warfarin, maganin hana jini daskarewa, har ƙarshen rayuwa, na naman dabba kuma yakan tsufa a sake shi. Kafin ta ɗauki ciki, lallai ta fara ganin likitan zuciya.