Amsa ga 'yar uwar da reshen fulawarta ke ruɓewa a cikin ruwa

Wa'alaikumussalam 'yar uwa, sannu da ƙoƙari. Kin ce kin sayi reshen fulawar nan mai yaɗo da ake kira money plant guda huɗu, kin tsoma su a kwalba, mako uku babu saiwa ko ɗaya, ganye ya yi rawaya, gindi ya yi baƙi yana wari, kuma mai fulawar ya ce ki zuba sukari ki ajiye a rana. Wallahi ina karantawa raina ya ɓaci, domin wannan takaicin na san shi sarai. Ki kwantar da hankalinki, hannunki lafiya lau yake, kada kowa ya ce miki shuka ba ta karɓar ki.

Sukarin nan shi ya fara kashe su. Reshen da aka yanke yana da rauni a buɗe, sukari kuwa abincin ƙwayoyin cuta ne. Cikin kwana biyu ruwa zai yi gurɓi, kara ya fara santsi, kwana biyar idan kin matsa gindin da yatsa sai ya narke ya bar wani baƙin yauƙi, warinsa kamar na kwatami. Abin da ya fi ciwo shi ne da farko ganyen sama yana nan kore shar, kina ta murna kina jira, alhali ƙasa ta riga ta mutu. Sai ranar da kika ɗaga shi ya tsinke a hannunki. Ban san dalilin da ya sa wasu masu sayar da fulawa suke yi wa mutane haka ba. Mutum ya wuni cikin tukwanen shuka, ya san rana tana dafa ruwan kwalba, amma ya buɗe baki ya ce a kai rana. Wasu ma ganye kawai suke tsinko miki da ɗan sandansa, babu gaɓa ko ɗaya, su karɓi kuɗinki, sun san ba zai taɓa yin toho ba, gobe ki dawo ki sake saye. Wannan ba ciniki ba ne, cin amana ne. Akwai na kirki a cikinsu, Allah ya saka musu, amma ki riƙa duba abin da aka miƙo miki tun kafin ki biya.

To ga abin dubawar. Gaɓa ita ce ɗan kumburin da ke jikin kara, daidai inda sandan ganye ya fito. A money plant za ki ga wani ɗan ƙurji mai ruwan ƙasa a gefenta, wannan saiwar iska ce, ita za ta miƙe a cikin ruwa. Idon da zai ba da sabon toho ma a nan yake. Reshe ya kai santimita 10 zuwa 15, da gaɓa biyu ko uku. Ki sa sabuwar reza, ko ki goge wuƙa mai kaifi da sifirit, ki yanke kamar santimita ɗaya a ƙasan gaɓa. Almakashi dakusasshe murƙushe kara yake yi, kuma daga murƙushen ruɓa take farawa. Ki cire duk ganyen da zai taɓa ruwa, ki bar ɗaya ko biyu a sama. Gaɓa ɗaya ko biyu su nutse, shi ke nan. Da safe ake yanka, lokacin da uwar shukar take cike da ruwa.

Naki da suka fara baƙi kada ki zubar tukuna. Fito da su, wanke, ki yi ta yankewa sama-sama har ki iske inda cikin karan yake fari kuma da tauri. In akwai sauran gaɓa lafiyayya a samansa, to da rai. Ki bar shi ya sha iska kamar awa ɗaya, ki wanke kwalbar da sabulu da ruwan zafi, sannan ki mayar. In babu gaɓa, ki haƙura da shi.

Zafinmu kuma babbar matsala ne da masu bidiyon ƙasashe masu sanyi ba sa faɗa, don su ba su da irinsa. Saiwa tana numfashi, iskar da ke narke a cikin ruwa take shaƙa, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai: a digiri 20 yana ɗauke da kusan miligiram 9 na iskar oksijin a lita, a digiri 35 sai ya sauko kusan 7, ga ƙwayoyin cuta suna ninkuwa suna cinye sauran. Reshe ya fi son digiri 21 zuwa 27. Saboda haka daga Maris zuwa Mayu ki canza ruwa duk bayan kwana biyu, ki nemi wuri mafi sanyi a gidan, kusa da randa ma ya yi. Damina ita ce lokacin da ya fi kamawa. Da hunturu kuma ba ya ruɓewa sosai amma yana jinkiri, ruwan yana ƙafewa da sauri, sai ki riƙa leƙawa kada gaɓa ta fito waje ta bushe. Haske yake so amma ba rana a kansa ba, taga mai labule mara kauri ko baranda mai inuwa.

Ruwan sama ya fi kowanne. Na famfo ki tara shi a buɗe ya kwana, sinadarin kulorin ya ragu. Wani ruwan burtsatse yana da gishiri-gishiri, za ki gane shi da farin zobe da yake bari a bakin kwalba, irin wannan yana ƙona bakin saiwa. Kada ki zuba ruwan firij. Taki ma kada ki sa, abin da ba shi da saiwa ba ya cin taki. Ɗan gawayi wankakke a gindin kwalba yana rage wari, amma ba ya ɗauke miki canjin ruwa.

Don Allah maganar sauro, kada mu yi wasa da ita. Ruwan da ya zauna a ɗaki wurin haihuwarsa ne, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kawai. Wani irin sauron a jikin kwalba yake liƙa ƙwansa, saman ruwa kaɗan, shi ya sa zubar da ruwa bai isa ba, sai an cuɗa cikin kwalbar. Ki nemi mai ƙaramin baki, ko ki toshe da auduga.

In an yi daidai, money plant tana nuna farar saiwa cikin mako ɗaya zuwa uku. In kina son ki ga hannunki ya faɗa da wuri, gwada na'ana'a ko ɗoɗɗoya ko yaɗon dankalin Hausa, waɗannan kusan mako guda suke yi. Amma ba kowace shuka ce ta ruwa ba. Kariya da alobera da aguwa masu tara ruwa a jiki ne, tsoma su a kwalba kashe su ne. Kariya sai an bar yankan ya bushe kwana biyu ko uku a inuwa, a dasa a yashi. Alobera kuwa 'ya'yan gindinta ake cirewa.

Kada ki bari saiwa ta cika kwalba kafin ki dasa. Da ta kai santimita 3 zuwa 5, musamman in ta fara 'yan rassa, lokaci ya yi. Saiwar ruwa tana da laushi, in ta daɗe sai ƙasa ta gagare ta. Ki haɗa ƙasar lambu kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a ƙaramar tukunya mai huji. Kada ki danna da ƙarfi. Mako biyu na farko ƙasar ta zauna da danshi kullum, amma ba caɓi ba. In ganye ya ɗan langaɓe kada ki tsorata, rufe shi da farar leda mai 'yan huji a inuwa, zai miƙe.

In kina da yara ƙanana ki ɗora kwalbar sama. Ruwan jikin money plant yana ƙona baki da maƙogwaro in yaro ya tauna, haka ma mage. Ke ma ki wanke hannu bayan yanka. Ki ɗauko mana hoton gindin rassan nan huɗu, kusa sosai, mu gani ko akwai gaɓar da za a ceta.